Ƙuri'ar Naira Ɗari: Yadda Gasar Kyau ta Intanet Ta Cinye Adashen Wata Mai Lalle a Birnin Kebbi

Kafin lamarin

Yarinyar ɗiyar yayana ce, shekarunta 21, tana gaban iyayenta a Birnin Kebbi. Da izininta nake wannan rubutu, bisa sharaɗin ba zan kama sunanta ba, ba kuma zan faɗi unguwarsu ba. Tana karatun difloma, a gefe tana sana'ar lalle da kwalliyar amare. Allah ya yi mata hannu, lokacin bukukuwa har Jega da Argungu ake kiranta. Tana zubin adashe na naira 10,000 duk wata, su takwas, kwasa ɗaya 80,000. Burinta ta kama ɗan shago ta huta da yawon gida-gida da jakar kayan aiki.

Wayarta ita ce kasuwarta. A Instagram take saka hotunan zanen lalle, a WhatsApp ake yin ciniki. Ba baƙuwar intanet ba ce, ta kuma san akwai 'yan damfara.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a sani tun daga nan. A watan Disamba na 2021 Shatu Garko, 'yar Kano mai shekara 18, ta lashe gasar Miss Nigeria sanye da hijabi, ta samu kyautar naira miliyan 10. An yi ce-ce-ku-ce sosai, har Hisbar Kano ta tsoma baki, amma 'yan mata da yawa a Arewa sun ga cewa mai lulluɓi ma tana iya shiga irin wannan gasa ta ci. A gidan yayana kuwa, kamar gidaje da yawa a Kebbi, maganar gasar kyau ba abin da ake kaiwa gaban uba ba ne. Sha'awa tana nan, faɗa a gida babu hali.

Makon farko na Satumba: saƙon ƙawa

Saƙon ya shigo ta WhatsApp daga lambar wata ƙawarta ta sakandare da ke aure a Yawuri. "Ƙawata ga dama ta samu. Ƙanwar mijina ta ci bara, wallahi da idona na ga alat ɗin." A ƙasa ga adireshin wani shafin Instagram.

Shafin na gasar sarauniyar kyau ce ta masu hijabi. Babu hawa dandali, babu tafiya ko'ina, hoto ɗaya kawai cikin shiga ta kamala. Wadda ta zo ta ɗaya za ta samu naira miliyan 2, da kayan kwalliya, da kujerar Umara ga mahaifiyarta. Ta ce mini wannan kujerar ce ta fi tsaya mata a rai, ta riƙa hango Innarta a gaban Ka'aba.

Ba ta biya nan take ba, sai da ta duba. Shafin yana da mabiya 48,000 da shuɗiyar alamar tantancewa. Akwai bidiyon daƙiƙa 12 na wata fitacciyar 'yar fim tana cewa tana yi musu fatan alheri, Allah ya ƙara ɗaukaka wannan aiki. Akwai hotunan mata uku da aka ce su suka ci a baya, ɗaya tana riƙe da ƙaton caki. Akwai hotunan alat na banki, da tambarin wata ma'aikatar jiha da na wani kamfanin sadarwa a matsayin masu ɗaukar nauyi, da lambar rajistar kamfani. Bayan kwana biyu kuma ta ga wata mai sayar da dogayen riguna a garin nan, wadda kowa ya sani, ta saka tallar gasar a shafinta. Wannan ya gama mata shakka. Ta tura kuɗin shiga, naira 5,000, ta tura hoto.

Mako na biyu zuwa na biyar: neman ƙuri'a

Tsarin mai sauƙi ne. Ƙuri'a ɗaya naira 100. Mai zaɓe ya tura kuɗi asusun da aka bayar, 'yar takara ta tura rasit ga mai kula da gasar, wadda suke kira Hajiya, ita kuma kowane dare ta aiko da jerin matsayi. An zuba 'yan takara a zauren WhatsApp ɗaya, amma an kulle shi, masu kula kaɗai ke iya rubutu. Jerin matsayin ma ba a zauren ake sakawa ba, kowace ana aika mata nata a keɓe, wai don kada a samu hassada.

Ga dangi da abokan ciniki, ta ce gasar masu sana'ar kwalliya ce. Ni ma haka ta faɗa mini, na tura 3,000. Cikin mako uku mutane suka zuba mata 94,000, wasu ɗari biyar, wasu dubu biyu, wata amarya da ta taɓa yi wa aiki dubu goma.

Daren farko tana ta 19. Bayan kwana shida ta hau ta 4. Daga mako na uku ta zama ta 2, kuma nan ta tsaya. Kullum tazararta da ta ɗaya ba ta wuce ƙuri'a 150 zuwa 300. In ta tura kuɗi ta cike giɓin, washegari waccan ta ƙara gaba da kaɗan. Hajiya kuwa ba ta rabuwa da saƙon murya mai daɗi: "Ƙanwata, ke nake so ki ci, waccan 'yar masu kuɗi ce, ba ta buƙata. Ki daure."

Ƙarshen Satumba kwasar adashe ta faɗo kanta. Ta tura 80,000 ɗin gaba ɗaya. Ranar da aka ce za a rufe, sai aka ƙara mako guda, wai masu ɗaukar nauyi ne suka nema. A daren ƙarshe aka sanar da garaɓasa, kowace naira 100 ƙuri'a biyu. Akwai 60,000 a hannunta, kafin alƙalamin amare biyu da za ta yi wa aiki a Nuwamba. Ta tura.

A cikin waɗannan makonni an yi amfani da lambobin asusu uku daban-daban. Duk ukun sunayen mutane ne, biyu maza, babu mai ɗauke da sunan gasar. Da ta tambaya aka ce mata na ma'aikatan ofis ne, asusun kamfani ya cika.

Mako na shida: "Kin ci"

Ranar wata Alhamis a tsakiyar Oktoba aka aiko mata da takarda mai hatimi da hotonta, an ɗora mata kambi. Ta zo ta ɗaya. Sai dai kafin a saki kyautar za ta biya 45,000 na haraji da buɗe fayil ɗin Umara, cikin awa 24, in ba haka ba a miƙa wa ta biyu. Ta ranta wurin wata 'yar ajinsu ta tura.

Washegari aka nemi takardar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da lambar BVN ta tantancewar banki, da hotonta tsaye ba mayafi cikin kaya masu kama jiki, wai telan gasar zai auna rigar sarauta. Takardar NIN ta riga ta tura kafin ta karanta sauran saƙon. Da ta kai kan maganar hoton, gabanta ya faɗi. Ta rubuta cewa za ta aiko da awonta a rubuce, kamar yadda kowane tela ke karɓa. Aka ce sai hoto. Ta ƙi.

Nan muryar Hajiya ta sauya. Saƙon da ya biyo baya gajere ne: in ta ɓata musu tsari, za su saka hotonta da kambin a shafukan Kebbi, su nemo lambar mahaifinta su shaida masa gasar da ɗiyarsa ta shiga.

Kwana tara tana fama ita kaɗai

Da farko ta yi roƙo, ta ce ta yafe kyautar, a mayar mata ko da na amaren ne. Ba a amsa ba. Ta rubuta ƙorafi a ƙarƙashin wani hoto na shafin, cikin minti kaɗan aka goge, aka toshe ta, aka cire ta daga zauren. Ta kai ƙarar shafin ta cikin manhajar. Bayan kwana biyu shafin ya sauya suna, aka share hotunan mata aka zuba na jarirai, ya koma gasar jariri mafi kyau.

Sai wani ya tuntuɓe ta, ya ce ya ga ƙorafinta kafin a goge, shi masanin kwamfuta ne, yana kwato wa mutane kuɗi daga hannun 'yan damfara, ladan somawa 10,000. Ta biya da ɗan abin da ya rage mata. Shi ma ya yi ɓatan dabo. Jimillar abin da ya fita, nata da na mutane, ya kai 294,000.

Ta daina cin abinci sosai, ta daina saka aiki a shafinta. Innarta ta ɗauka zazzaɓi ne. A rana ta tara, bayan Magariba, ta shigo ɗakina ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, na shiga uku."

Daren da muka bi shaidun ɗaya bayan ɗaya

Ni malamar makaranta ce, ba jami'ar bincike ba. Abin da na ce mata kawai shi ne mu ɗauki kowace shaida da ta sa ta yarda, mu nemi mai ita.

Muka fara da ƙawar Yawuri, da kiran waya na gaske, ba rubutu ba. Minti uku ya isa. Tun watan Agusta aka kwace mata WhatsApp. Wani ya kira ta ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro ta intanet, ta karanto masa lamba shida da za ta shigo wayarta. Lambar nan ita ce mabuɗin asusun. Ta sake wani layi ta ci gaba da harkarta, ba ta san ana aika wa mutane saƙo da sunanta ba. Mijinta kuma ba shi da ƙanwar da ta taɓa shiga wata gasa.

Shafin muka duba da wayata, tunda ita an toshe ta. A Instagram, in aka taɓa ɗigo ukun nan na saman shafi, akwai wurin bayanin asusu, inda ake ganin lokacin da aka buɗe shi, da ƙasar da yake, da sau nawa ya sauya suna. Wannan ya sauya sau shida. Facebook ma yana da irin wannan wuri ga shafuka. Shuɗiyar alamar da ta ruɗe ta kuwa, tun 2023 kamfanin Meta, mai Instagram da Facebook, ke bayar da ita ga mai biyan kuɗin wata-wata wanda ya nuna katin shaida. Tana nuna wani ya gabatar da kati ya biya, ba ta ce komai game da amanarsa. Mabiya 48,000, amma da wuya hoto ya samu mutum 40 da suka nuna sun so shi. Masu yabo a ƙasa kalmominsu iri ɗaya, "Masha Allah na samu nawa," kuma in ka shiga shafukansu babu hoto ko ɗaya. Mabiya da yabo duk ana sayen su da kuɗi.

Hotunan waɗanda suka ci ta ajiye su a wayarta tun farko, muka saka su a Google Lens, wanda ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa. Mai riƙe da caki daga wani taron rabon jari ga masu ƙananan sana'o'i aka ɗauko ta, aka goge rubutun cakin aka sa nasu. Ta biyun hoton tallar hijabi ne na wani shago a Malesiya. Hoton alat kuwa ba ma sai an bincika ba, duk mai waya yana iya ƙirƙirarsa.

Bidiyon 'yar fim ɗin shi ya fi ba ni mamaki, don ba na jabu ba ne. Ita ce, muryarta ce. Na ce mu saurara da kyau, a ina ta ambaci sunan gasar? Babu. Muka yi ta gangarawa a shafinta na ainihi har muka samo cikakken bidiyon, ashe gaisuwa ce ta yi wa wani shagon ɗinki ranar buɗewa. An yanke farko da ƙarshe, aka bar addu'ar tsakiya.

Lambar rajista muka saka a shafin binciken Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, wanda kowa ke iya shiga kyauta. Lambar ta gaske ce, amma ta wani kamfanin kayan gini ce. Washegari na taka da ƙafata zuwa ma'aikatar da aka manna tambarinta, suka ce ba su taɓa jin gasar ba. Mai dogayen riguna ma na same ta a shago. An biya ta 15,000 ta saka talla, ba ta tambayi komai ba. Na ce mata, "Hajiya, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mutane ke suka sani, ba su ba." Ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa.

Abu na ƙarshe shi ya warware komai. Kafin a cire ta daga zauren ta kwafi lambobin wasu 'yan takara 11. Muka kira su, biyar suka yarda suka yi magana, daga Gusau, Talatar Mafara, Zuru, Sakkwato da Kontagora. Muka ce kowace ta turo jerin matsayin da aka aika mata a daren garaɓasa. Duk biyar ɗin kowace ita ce ta 2 a nata jerin. Uku daga cikinsu an aika musu takarda mai hatimi da kambi a rana ɗaya da ɗiyarmu.

Ƙarshen Oktoba: uba, banki, hukuma

Ta roƙe ni kada mahaifinta ya ji. Na ce mata wannan tsoron shi ne igiyar da suka ɗaure ta da ita, kuma ni zan yi maganar. Na same shi bayan Isha'i na ce, "Yaya, na zo da magana, amma ka yi mini alƙawarin za ka ji ƙarshenta kafin ka ce komai." Ya ji har ƙarshe. Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya sa aka kira ta. Abin da ya fara cewa shi ne, "Mi ya hana ki hwaɗa min tun hwarko?" Sai ya tambayi nawa ne kuɗin mutane a ciki. Ya yi faɗa, faɗa mai zafi, amma a ɗaki ya tsaya.

Daren nan ta aika wa Hajiya saƙo ɗaya, cewa mahaifinta ya sani kuma magana tana hannun hukuma, ta toshe lambar. Ba su saka hoton ko'ina ba, ba su kira kowa ba.

Da safe muka je bankinta da takardar ƙorafi a rubuce, da bayanin shige da ficen asusunta, da duk rasit, muka karɓi lambar ƙorafi. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce a fara kai kuka ga bankin mutum, in mako biyu ya wuce ba a warware ba a ɗaukaka zuwa sashensa na kare haƙƙin abokan hulɗa. Ma'aikacin ya faɗa mana gaskiya: irin wannan kuɗi cikin awoyi ake kwashe shi, mun zo bayan fiye da kwana goma. Muka kai rahoto wurin 'yan sanda, sannan 'yan matan shida suka haɗa takardar koke guda zuwa ofishin EFCC, hukumar yaƙi da zambar kuɗi, na Sakkwato. Abin da aka yi musu laifi ne a dokar zamba ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015, har da barazanar yaɗa hoto. Ta sauya lambobin sirrinta, ta kunna kariyar mataki biyu a WhatsApp da Instagram, ta kuma sanar da banki cewa takardar NIN ɗinta ta faɗa hannun ɓata-gari.

Disamba: inda aka tsaya

Bayan mako bakwai aka mayar mata 22,000, abin da aka tarar a asusu na ƙarshe. Sauran 272,000 sun tafi. Har yau ba a kama kowa ba.

Mahaifinta ya ba ta rancen 60,000 ta sayi kayan aiki, ta yi wa amaren biyu aikinsu a kan lokaci. Ya kuma sa ta bi duk wanda ya saya mata ƙuri'a ta faɗa masa gaskiya, har da ainihin irin gasar. Ta ce wannan ya fi asarar kuɗin ciwo. Yawanci sun yafe, mutum biyu sun ce a biya su, an biya su, wata abokiyar ciniki ɗaya ta daina kiranta. Bashin 'yar ajinsu tana rage shi 10,000 duk wata. Maganar shago ta koma sai baɗi. Mai dogayen riguna ta goge tallar ta fito ta nemi afuwa a shafinta, kuma a dalilin haka wasu mata 14 suka fito suka ce su ma an cuce su.

Yadda nake ganin lamarin

Wasu a dangi sun ce kwaɗayi ne mabuɗin wahala. Ban yarda wannan ya isa bayani ba. Yarinyar nan ta bincika kafin ta biya, sai dai duk bincikenta a cikin shagon ɓarawon ta yi shi. Bidiyo, hotuna, tambari, yabo, duk su suka jera mata. Kowace shaida cikinsu tana da mai ita, mai rai, wanda ake iya kira ko a je wurinsa, kuma duk wanda muka nema, ko dai bai san da maganar ba, ko kuɗin talla kawai ya karɓa. Abin da ya yi mana aiki a dare ɗaya ba wata ƙwarewa ba ce, fita muka yi daga shafin muka tambayi mutanen. Roƙo, da ƙorafi a shafinsu, da mai kwato kuɗi, duk sun faɗi saboda a filin da suke iko da shi ake yin su.

Sayen ƙuri'a shi kaɗai ba hujjar damfara ba ne, akwai gasanni na gaske da ke karɓar kuɗin zaɓe. Abin da ya kamata ya tsayar da ita shi ne jerin da ake aika wa kowa a ɓoye, da zauren da aka hana 'yan takara magana da juna, da asusun da ke ɗauke da sunan wani can. Kuma wanda zai ba ka miliyan 2 ba ya rasa yadda zai cire 45,000 a ciki.

Sun kuma san garin da suke farauta. Sun san yarinyar Kebbi ko Zamfara da ta shiga gasar kyau ba za ta so a ji a gida ba, don haka ba za ta yi shawara kafin ta biya ba, ba za ta yi kuka da wuri bayan an cuce ta ba. Kwana taran nan na shiru su suka cinye damar da banki ke da ita ta tare kuɗin. A nan mu manya muna da namu kason. Ni da kaina na tura 3,000 asusun wani namiji da sunan gasar mata, na ga sunan ya fito a wayata, ban tambaya ba, don na ɗauka ƙaramin kuɗi ne kuma ɗiyata ce ta nema. Da na tambaya a ranar, da adashenta yana nan.

Makon jiya wata malama da muke aiki tare ta turo mini hoton jikanta, ta ce in taimaka da ƙuri'a, naira ɗari-ɗari ne, gasar jarirai. Na buɗe shafin, ga bidiyon 'yar fim ɗin nan na daƙiƙa 12 a sama. Ban amsa a rubuce ba, na kira ta, ta ce mini sun riga sun zuba 17,000 kuma yaron yana na biyu.